Man Surukina a Lokacin Dari

Shekaru da dama na yi ina yi wa shanu allura a ƙasar Kurfai, kuma a duk shekarun nan ba saniyar da ta ba ni wahalar da kwalbar mai ta ba ni. Saniya in ta harbe ka, ka san wurin da za ka shafa wa magani, kuma kana da damar zaginta.

Ni ƙaramin malamin dabbobi ne, irin wanda ake aikawa daji. Manyan suna zaune a biro, wato ofis, cikin Filingue, su aikinsu sa hannu. A lokacin ba a kai ga hana hawan moto, wato babur, a yankinmu ba, don haka moto shi ne ƙafata. Rigakafi kuwa da dari ake yin shi, bayan girbi, sa'ad da shanu suka gangaro suna cin kara a gonaki. Ƙa'idar aikin guda ɗaya ce, ka isa ruga kafin a saki dabbobi. Makiyayi zai tarbe ka da fara'a, ya kira ka likita, ya ba ka nono, amma da rana ta ɗaga zai kora shanunsa kiwo ko da gwamna ne ke kan hanya. Na sha tsayawa a tsakiyar ruga da akwatin allura a hannu ina gaisawa da tsofaffin mata.

Surukina, uban matata, shi ke sayar da mai a bakin layinmu. Teburin katako ne, kwalabe a jere, mazurari rataye jikin ƙusa, da tabarma a gindin dogon yaro. Tun ina ƙarami nake ganinsa a wurin. Kafin a buɗe gidan mai a garin, duk mai abin hawa ya san teburin nan, kuma an shaide shi a kan abu ɗaya: ba ya algus. Wannan shaidar ita ce dukiyarsa. Ba shi da shanu, ba shi da gonar kirki, bai je Makka ba. Amma in ana zancen masu gaskiya a majalisa, sai ka ga wani ya nuna gindin dogon yaron da haɓa. Ya san ana yi, yana kuma jin daɗi, sai dai ya yi kamar bai ji ba.

Tsakanina da shi kuwa sai abin da aka sani tsakanin mutum da surukinsa a ƙasarmu. Ban taɓa kama sunansa ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In zan gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalma in durƙusa, in dubi ƙasa, shi kuma ya dubi reshen itace ya amsa. Maganarmu ba ta wuce kwana da gajiya da sanyi. Da za a tara duk abin da muka faɗa wa juna tun da na auri ɗiyarsa, ba zai kai tsawon huɗubar Juma'a ɗaya ba.

Tun ranar da na sayi moto ya ɗora wa kansa wata al'ada. Kowace yamma in na dawo daga daji, zai miƙe, ya ɗauki kwalba, ya buɗe tankin da hannunsa ya juye. Ba ya tambaya ko ina so. Ni ma ba na cewa komai, sai "Allah shi ƙara girma, Baba." Hanyar gidana kuma ɗaya ce tak, ta gaban teburin.

A shekarar da nake ba da labari dari ya shigo da wuri. Wanda bai san Filingue ba zai ce ai ƙasar zafi ce, me suka sani game da sanyi? To ya zo ya yi alwala da ruwan randa da asuba, sa'an nan mu yi magana. Wata safiya na fito da moto, na ɗaure akwatin allura, na taka ƙafar tayarwa. Shiru. Na sake takawa. Ya yi tari sau ɗaya, ya sake yin shiru. Na taka har na cire hula, na cire rawanin da na naɗe kunnuwana, na cire babbar riga. Ni na yi gumi, moto yana nan da sanyinsa. Sai da rana ta fito sosai ta buge shi sannan ya tashi, yana fitar da baƙin hayaƙi. Ranar ban ga ko jelar saniya ba.

Washegari haka, jibi haka. Nan fa unguwa ta samu abin kallo. Ba abin da mutanenmu ke so kamar moton da ya ƙi tashi, muddin ba nasu ba ne. Masu dawowa daga masallaci sai su tsaya, hannu cikin riga, kowa da maganinsa. Wani ya ce in riƙa lulluɓe shi da bargo. Na lulluɓe shi da bargona, ni na kwana da zanen matata. Wani ya ce in shigar da shi ɗaki. Na shigar da shi, muka kwana mu uku, matata ta ce ba ta san an ƙara mana iyali ba. Wani tela ya ce in sa kaskon garwashi a ƙarƙashin injin. Wannan kam ya ɗan yi aiki, amma tsuguno gaban garwashi a ƙarƙashin tankin mai ba irin mutuwar da nake roƙon Allah ba ce. Maƙwabcina Bazabarme shi bai taɓa ba da shawara ba, kullum dai sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce "kala suru," wato sai haƙuri, ya wuce. Shi kaɗai ne ban ji kamar in jefe shi da sifana ba.

Surukina ma ya ba da nasa hukuncin, amma ba ni ya faɗa wa ba, don ba a yin haka. Abokin zamansa ya faɗa wa, ina durƙushe ina ji. Ya ce, "Motocin zamanin ga ba su da jini. Ƙarhen gwangwani na." Na ce wa ƙasa, "Haka na, Baba."

A biro an fara kallona. Shugabana ya kira ni ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi zafi, ko akwai wata ruga da shanunta ke fita kiwo da azahar, don a mai da ni can.

Na kai moton wajen makanike. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka yana da lasisin cin mutuncina tun daga haihuwa, kuma bai taɓa barin lasisin ya kwana ba. Ya kwance buji, ɗan ƙarfen nan da ke ba da tartsatsi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Baƙi ƙirin, jiƙe da maiƙo. Ya ce, "Wanga buji na ko gindin tukunya?" Ya zare tiyon mai, ya tara kaɗan a murfin gwangwani, ya shinshina. Sai ya yago takardar buhun siminti ya ɗiga mata, ya ajiye a kan benci. Ya ce mu jira. Muka jira. Tabon bai bushe ba, ya zauna daram kamar na ƙosai.

Ya ce, "Likitan shanu, zo in karantar da kai. Mai ba ya kamawa yana ruwa. Sai ya tashi ya gauraya da iska, sannan tartsatsi shi kama shi. Isansi tsantsa, fetur zalla, ko da sanyi tashi yake. Kananzir nauyi gare shi, sai ya ji zahi. Wanga naka rabi da rabi na. Da bazara inji komi ka ba shi haɗiyewa yake, ba ka sani. Dari ke tona asiri." Ya goge hannu da tsumma. "Ina kake shan mai?"

Na juya na dubi hanyar layinmu. Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga taubashina ya samu dama a kaina ya bar ta.

Shi ya gaya mini sauran. Ba tsohon ke gaurayawa ba, kowa ya san wannan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kawo masa jarkoki daga kudu ya tsufa, ɗansa ya karɓi hanyar, ɗan kuma ba ubansa ba ne. Tsohon yana karɓa yadda ya saba, ba ya dubawa, don a wurinsa duba kayan ɗan aminin mutum cin fuska ne. Hancinsa kuma ya mutu tuntuni, shekara talatin a kan bakin jarka. Na ce, to su waye suka sani? Ya ce, "Ka tambayi su wa ba su sani ba. Kai da shi." Ashe masu moto na unguwa sun daɗe da zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi su wuce. Shi yana cewa gidan mai ne ya kwashe mutane, zamani ne. Ashe masu ba ni shawarar bargo da garwashi duk sun san ciwon. Wallahi na ji haushinsu, na hau moto ina zaginsu ɗaya ɗaya a cikin raina, da sunan iyayensu. Kafin in kai gida na gane ni ma na shiga layinsu.

Don ni ma ba zan iya faɗa masa ba. Da wane baki? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, in fara da cewa, Baba, abu ɗayan nan da gari ke girmama ka dominsa, ya daɗe da lalacewa a hannunka ba ka sani ba? Na tafi wajen matata. Na ce ubanta ne, ita ta san yadda za ta lallaɓa. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ni? In ce mashi mi? Teburin nan shi ke tashe shi da sahe. Ran da ya ji wagga magana, ran nan za shi kwanta." Na ce to aikina fa? Ta ce, "Kai da ka yi lakkwal, ka nemo dabara." Matan gari sun iya wannan, in abu ya yi wuya sai su tuna ka yi boko.

Na kuwa nemo dabara, kuma ina jin kunyar cewa har na yi alfahari da ita. Na sayi jarka, ina zagayawa ta bayan kasuwa in ciko ta a gidan mai, in kawo ta cikin buhu kamar ɓarawo, in ɓoye a zaure bayan ƙofa, in jingina tsohuwar tabarma a kai. Da yamma ina lissafa tafiyata in iso da tanki kusan wayam. Kafin in kai teburin sai in sunkuya kamar mai sosa ƙafa in rufe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki, don man tsohon kada ya sauka cikin inji. Ɗan mai kyau da ya rage a ƙasa shi ke kai ni gida. Tsohon ya juye kwalbarsa, in yi godiya, in shiga zaure in rufe ƙofa, in zare tiyo in tsiyaye shi tas. Da asuba in zuba na jarka. Abin da na tsiyaye kuma taubashina ke karɓa, ya ce bai taɓa samun abin wanke ƙarfe mai kyau irinsa ba.

Moto ya warke. Taka ɗaya, ya tashi. Na koma ina isa ruga ana tatsa. Shugabana ya daina ladabi. Unguwa ta rasa abin kallo, tela ya ce garwashinsa ne, mai bargo ya ce bargo ne. Surukina kuwa ya ce wa abokin zamansa, ina durƙushe, "Na san za shi saba. Inji in yana samun mai na ƙwarai, ko ba jini sai shi yi jini." Na ce wa ƙasa, "Haka na, Baba." Muka yi wata biyu a haka, kowa na zaune lafiya.

Ranar wata Talata, an idar da sallar asuba ke nan, na dawo gida ina shirin zuba mai, sai na ji sallama a ƙofar zaure. Muryarsa ce. Tun da aka kawo ɗiyarsa gidan nan bai taɓa taka shi ba, ko ranar suna. Na buɗe. Yana tsaye, naɗe da mayafi, carbi a hannu ɗaya, ƙaramin buhu a ɗayan. Na durƙusa. Bai jira gaisuwa ta ƙare ba.

Ya ce, "Malam, an bugo waya. Yayata ta rasu. Sun ce za su jira ni har hantsi."

Na san ta. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi masa aure, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tana can ƙauyensu na asali, cikin Kurfai, tafiyar awa guda ga moto mai lafiya. Mota ba ta bin hanyar sai ranar kasuwa. Duk unguwar akwai masu moto, amma ni ya zo wa, kuma na san abin da zuwan ya ci masa.

Na yi masa gaisuwa, na turo moton waje. Ina tunanin yadda zan ce ya ɗan jira ni a bakin layi, sai na ga ya kwance buhun. Kwalba biyu. A ƙasarmu wanda ya roƙi a kai shi wuri shi ke zuwa da mai, kuma mai sayar da mai ba zai zo hannu rabbana ba. Ya buɗe tankin, ya leƙa, ya ce, "Ashe na yi dabara, ƙaf yake." Bai tsaya tambayar ina kwalbar jiya ta tafi ba, hankalinsa ba ya nan. Ya kafa baki ya fara juyewa.

Jarkata tana bayana, taku uku, a bayan ƙofa. Abin da ake bukata kawai in ce, "Baba, dakata." Kalma biyu. Na sha tsayawa gaban bijimin da ya fi ƙarfin mutum huɗu, amma kalma biyun nan sun gagare ni. Matata ta fito ta tsaya a ƙofar ciki, idonta jawur, ta ji rasuwar gwaggonta. Ta dubi kwalbar, ta dubi tabarmar, ta dube ni. Na dube ta. Kowa yana jira ɗaya ya fara. Kwalba ta farko ta ƙare, ya ɗauki ta biyu, ya juye, ya bar ɗan kaɗan a gindinta ya toshe ya mayar buhu. Ya rufe tankin.

Na taka. Ɗan man kirkin da ya kwana a cikin inji ya kama, moto ya tashi taka ɗaya. Tsohon ya gyaɗa kai. Na ce a raina, in na riƙe wuta inji ya ɗumama, wataƙila ya haɗiye. Da wannan wataƙilar na ɗauki surukina.

Ya hau baya ya zauna can ƙarshen kujera, ya riƙe ƙarfen kaya da hannu biyu, don kada jikinsa ya taɓa nawa. Tsakaninmu akuya za ta iya zama. Muka fita gari. Ba mu yi nisa ba moto ya fara tari. Na ƙara wuta, ya ja, ya sake tari. Iskar safiya tana dukan injin, ba ta bar shi ya yi zafi ba. Na bi shi da lallashi, ina ja ina saki, ina karanta duk abin da na haddace. Muka wuce gonaki, muka gangara cikin kwarin dallol, inda sanyi ke kwanciya ya ƙi tashi. Akwai yashi a wurin, dole ka rage gudu. Na rage. Ya yi wata irin shaƙuwa sau biyu, ya mutu.

Na taka, na taka. Na tura shi cikin yashi ina gudu, na ɗane, ya ƙi. Tsohon ya ajiye mayafinsa ya kama turawa tare da ni, mutum mai furfura, na ce ya bari, ya yi kamar bai ji ba. Na kwance buji, na goge da bakin rigata, na mayar. Taka uku ya sake jiƙewa. Na duba waya, ba layi. Ba kowa a hanyar, ko amalanke. Gabas ta yi ja, amma rana ba ta da niyyar gaggawa don yayar wani ta rasu.

Na tuna taubashina ya ce in ta ɓaci a gasa buji a wuta, wani lokaci yana taimakawa. Na tattaro kara da ƴan itace. Ashana uku suka mutu, karan ya ƙi kamawa sosai. Tsohon ya tsuguna a ɗaya gefen. Ya jawo buhunsa, ya fito da kwalbar nan mai saura, ya ce, "Ja baya, Malam." Shi ma ya ja da baya, ya kare fuska da hannu kamar yadda duk wanda ya san isansi ke yi, ya watsa.

Wuta ba ta yi tsalle ba. Ta dai kama a hankali, jajaja, tana lasar karan, baƙin hayaƙi yana tashi siriri, irin na fitilar da lagwaninta ya yi tsawo.

Ya sauke hannunsa daga fuska. Hancinsa ne ya mutu, idonsa na nan. Ya daɗe yana kallon wutar. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta ta hasken gabas, ya sake ɗiga abin da ya rage, ya sake kallo. Ni ina riƙe da buji a bakin filaya, na ƙura masa ido kamar ban taɓa ganin buji ba.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun shigowar dari na sani, Baba."

"Moton da ya warke hwa?"

Na gaya masa. Jarka, tabarma, tiyo, duk na faɗa wa ƙasa, ita kuma ta isar masa.

"Ɗiyata ta sani?"

Na yi shiru.

"Unguwa?"

Na yi shiru.

Ya ce, "To." Ya ajiye kwalbar a tsaye cikin yashi, a hankali, kamar yadda yake jera su a teburi. Ya ɗauki mayafinsa ya yafa, ya koma gefen hanya ya zauna yana fuskantar inda za mu. Na so ya zage ni. Wallahi da ya cire takalmi ya buga mini da na samu sauƙi.

Rana ta fito, ta hau, ta fara dukan tanki. Na gasa buji sau huɗu. A na biyar moto ya kama, yana hayaƙi yana ƙara kamar ana buga masa guduma a ciki. Muka hau. Ya mutu sau ɗaya kuma a hanya, amma inji ya yi zafi, ya sake tashi. Ban duba agogo ba, inuwarmu ta ishe ni.

Tun daga bakin ƙauyen muka gan su. Maza ne a jere suna dawowa ta hanyar gabas, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu suna ɗauke da makara ba kowa a kai. Na kashe moto. Tsohon ya sauka, ƙafafunsa sun sandare, sai da ya dafa kujera. Mutane suka kewaye shi suna gaisuwa, Allah shi jiƙan ta, Allah shi ba da haƙuri. Limamin ƙauyen, sa'ansa ne, ya kama hannunsa ya ce, "Mun jira, Allah ya sani mun jira. Rana ta yi, ba mu iya aje ta. Mi ya tsai da ku?"

Wani daga baya ya ce, "Motocin ga da dari, ai sai addu'a." Aka yi ta gyaɗa kai. Hanya ta buɗe mini, na kuwa bi ta da gudu, don na saba. Na ce, "Laihin motona na, ya tsuhwa, tun shigowar sanyi yake..."

Tsohon ya ɗaga hannu. Bai ɗaga murya ba, amma har na bayan sun ji.

Ya ce, "Ba laihin moto ba na. Man da nike saidawa na, gauraye shike da kananzir. Ni na zuba shi da hannuna. Wanga bawan Allah ya sani, kunyata ta hana shi hwaɗi."

Waɗannan mutanen ƙauyensu ne, waɗanda in sun shigo Filingue ranar kasuwa suke zama a tabarmarsa suna cewa namu ne. Wasu suka dubi ƙasa, wasu suka dube ni. Wata biyu ina sata a gidana, ina yi wa kaina kirarin mai ladabi, don kada mutum ɗaya ya ji wannan magana a ɓoye. Ga ta ya faɗe ta da bakinsa a gaban garinsu, ranar da aka binne yayarsa ba shi. Ban taɓa ƙin kaina irin na ranar ba.

Ya ce wa liman a nuna masa wurin. Liman ya nuna da hannu, ya so ya raka shi, ya ce a'a. Ya kama hanya shi kaɗai. Na bi bayansa daga nesa, don ban san inda zan sa kaina ba. Kabarin yana gefen maƙabarta, ƙasar da ɗanyenta, an ɗora ƙaya a kai. Na tsaya a bakin shinge na cire takalma. Ya tsuguna wajen kai, ya gyara wani reshen ƙaya da ya zame, ya dafa ƙasar da tafin hannu.

Na ji ya ce, "Yaya, ga ni. Na makara."